Burgu da Ƙwallon da Ya Mayar Kujera

An yi wani Burgu da ke aiki a ofishin rabon gonaki na Kwarin Tsamiya. Buga hatimi ne kawai aikinsa, amma in ka ji yana cika baki sai ka rantse shi ya kafa dajin. Ɗaki ɗaya suke da Hawainiya, wadda ba ta sauri, ba ta kuma kuskure.

Da shugaban ofishin ya yi ritaya, aka ce ɗayansu za a ba muƙamin. Tun ba a je ko'ina ba Burgu ya ɗinka babbar riga.

Sau ɗaya tak ya je birni, ya dawo yana gara wani ƙaton ƙwallon roba, irin na motsa jiki. A ranar ya kira Gara ya ba ta kujerarsa ta cinye, ya haɗa mata da bencin baƙi. Ya ɗare kan ƙwallon yana lilo, hatimi na sauka a karkace.

"Manyan birni sun daina zama kan katako," in ji shi. "Ke ma fitar da kujerar nan taki ta ƙauyawa, tana ɓata mini ofis."

"Malam Burgu, in baƙo ya zo fa, a ina zai zauna?"

"Ya tsaya. Tsayuwa ma motsa jiki ce."

Hawainiya ta ja 'yar kujerarta zuwa baranda, ta ci gaba da aikinta a can.

Ranar zaɓe sai ga Hajiya Beguwa, dattijuwar da za ta yanke hukunci, ta sha tafiya tana dafe da ƙugu. Burgu ko gaisuwa bai bari ta ƙare ba ya hau wa'azi.

"Ranki ya daɗe, wannan da kike gani maganin ciwon baya ne. Minti biyar a kansa, sai ki ji kin koma yarinya."

"Madalla," in ji Hajiya. "Ni ma bayan ne ya dame ni. Ai da ma mai ɗaki ke tashi wa babba."

A nan ne idon Burgu ya sauka kan ƙayoyin jikinta, kowace kamar tsinken tsire. Ya waiwaya neman benci, ya tuna Gara ta cinye shi. Da zai ce, "Na yi wauta, bari a ɗauko kujera," da an yi dariya an wuce. Amma bakin da ya saba kuri bai iya wannan ba.

"Bismillah, ranki ya daɗe," ya ce, ya sauka daga kan ƙwallon.

Hajiya ta zauna. Sai ji kake fam, ƙwallo ya fashe, ga dattijuwa a rigingine, ƙafafu sama, takardun gonaki na yawo a ɗaki.

Hawainiya ta shigo a hankali kamar kullum, ta tashe ta, ta ajiye mata kujerar ƙauyawa. A kanta Hajiya ta zauna ta rubuta sunan sabuwar shugaba, sannan ta dubi Burgu.

"Ka ce tsayuwa motsa jiki ce, ko? Haka na ji a baranda. To, ba za a saya maka kujera ba."

Har yau a tsaye yake buga hatimi, cikin babbar rigarsa, kuma ni dai ban ji tausayinsa ba.

Darasin wannan labari shi ne, kada ɗokin sabon abu ya sa ka watsar da wanda ke maka amfani. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi tun da sauran lokaci, kafin girman kai ya fashe da kai a gaban jama'a.