Shaidar da Wada Ya Hana Rumasa'u

Akwai wani tsohon soja mai suna Garba da ke zaune a unguwar Misfala a Makka. Ya yi yaƙin Bama, bayan an sallame shi ya kwaso iyalinsa suka biyo ta Cadi da Sudan. Ga-ruwa yake yi. 'Yarsa Rumasa'u kuwa ba ta da burin da ya wuce aikin jinya.

A hajjin 1955 wakilin wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ya zo daga Sudan. Ya ce za su ɗauki nauyin karatun jinya na 'ya'yan waɗanda suka yi yaƙi. Garba ya riƙo hannun 'yarsa suka je masaukinsa.

"Ina takardar sallamarka?" in ji wakilin.

"Teku ta cinye ta, ranar da muka tsallako daga tashar Sawakin ta Sudan."

"To kawo mutum ɗaya da ya gan ka cikin kaki. Jirgina zai tashi daga Jidda ranar Asabar."

Mutum ɗaya ne a duk Makka ya san Garba a soja: Wada, mai kantin yadi, wanda suka kwana rami ɗaya a dajin Bama. Sai dai Wada ya gaya wa surukansa bai taɓa yi wa Nasara aiki ba.

Garba ya je kantin sau uku. A na ukun ya tafi da Rumasa'u, ta durƙusa a gaban Wada.

"Baba Wada, kalma ɗaya ce fa."

Wada ya ci gaba da auna yadi. "Halas, magana ta ƙare, 'yata. A nan Makka na san babanki."

Garba ya ɗaga 'yarsa. Suka koma gida, babu mai kallon wani.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga Wada a ƙofar gida, idanu jajur.

"Garba, tashi mu je. Zan faɗa."

"Mu je ina? Jirgi ya tashi jiya."

Wada ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Rumasa'u ta kawo masa ruwa, ta koma ɗaki.

Sun aika wa ƙungiyar wasiƙa biyu, ba amsa. Wakilin bai sake zuwa ba. Rumasa'u ta ƙare tana wankin zannuwa a wani ƙaramin asibiti, tana kallon masu fararen kaya suna wucewa. Wada kuwa har ya rasu bai ƙara iya bi ta layinsu ba.

Darasi: Idan shaidarka za ta buɗe wa wani ƙofa, ka bayar da ita yau, kada kunyar mutane ta sa ka jira sai an rufe. 'Yan'uwa, ku tura wa wasu su ma su karanta.