Mashin Ndagi da Dokar Cibiya

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, irin waɗanda gara ta cinye gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani Sarki a Birnin Sansami ana kiransa Bagudu. A zamaninsa akwai wani Banufe mai suna Ndagi cikin 'yan dokan kasuwa, masu riƙe da mashi suna tsaron rumfuna. Ya zo garin yana saurayi cikin ayarin fatake, ya zauna har furfura ta fito masa, amma harshensa bai taɓa miƙewa ba. In ya yi Hausa mahauta su yi ta kwaikwayonsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata ranar kasuwa wani tsohon falke, Madugu Tanko, yana sauke gishiri sai jakinsa ya tare hanya. Sallau, ɗan 'yar'uwar Waziri, ya zo wucewa, ya ɗaga gora ya karya wa dattijon hannu. A gaban 'yan doka aka yi, amma nan take kowannensu ya sami abin kallo a sama. Wannan taubashin Sallau ne, wancan ƙanwarsa ke aure a gidansu, wani kuma nono ɗaya suka sha. Haka garin yake, duk wanda ka damƙa sai ka tarar surukinka ne. Ndagi da ba shi da suruki a garin ya kwance igiyar jakin ya ɗaure Sallau da ita, ya tasa ƙeyarsa har gidan Alƙali, kasuwa na kallo.

Waziri Cindo mutum ne da ba ya faɗa da baki buɗe. Ya sa aka saki ɗan nasa a ɓoye, sa'an nan ya zo fada ko sunan Sallau bai ambata ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, akwai dokar kakanni da muka yi sakaci da ita. Ba a ba mutum makami a birnin nan sai wanda aka binne cibiyarsa a cikinsa. Baƙon da ya riga ya riƙe kuwa, ya ajiye ya bar gari."

Sarki ya sa aka kira Ndagi. Ya shigo ya durƙusa, amma mashin na hannunsa, ya ƙi jingine shi a ƙofa. Ransa a ɓace yake, don ya san inda maganar ta samo asali, kowa ma a zauren ya sani.

Sarki ya ce, "Waziri, me kakanni suka gani suka kafa dokar?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce an yi wani gari a gabas da ya cika da arziki, 'ya'yansa suka ga tsaro wahala ne, suka ɗauko baƙi suka ba su masu da baka. Baƙin nan suka yi aiki ba ha'inci, har aka riƙa yabonsu. Ran da yaƙi ya zo, suka leƙa ta kan ganuwa suka ga yawan maƙiya, sai suka naɗe tabarminsu suka fice ta ƙofar baya. Ba su ci amanar kowa ba, ba su buɗe wa maƙiyi ƙofa ba. Babu dai abin da ya riƙe su ne a ƙasar. Kafin la'asar garin ya zama toka."

Maganar gaskiya, labarin ya shiga fadawa, har waɗanda ke ƙin Waziri sai da suka gyaɗa kai. Sarki ya juya ya ce, "Ndagi, ka ji. Ga tambayata: me ya riƙe ka a ƙasata? In ka nuna mini, mashin naka ne. In ba ka nuna ba, ka ajiye shi ka kama hanyar Nufe."

Ndagi ya ce, "Ranka ya daɗe, cibiyata tana bakin Kwara, ban ɓoye wa kowa ba. Amma mashin nan ba zan ajiye shi don maganar Waziri ba. Amsata ba ta shiga zaure. In Sarki na so, ya taso ya gani."

Fadawa suka yi caa, wai baƙo zai tayar da Sarki daga kan gado. Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya miƙe. Ndagi na gaba, Sarki da jama'a na biye, suka fita ta ƙofar yamma, suka wuce ganuwa, har maƙabarta. Ya tsaya gaban wani ɗan ƙaramin kabari da aka kewaye da ƙaya sabuwa.

Ya ce, "Ni ma ina da labari, Allah ya ba ka nasara. An yi wani baƙo a wani birni, Allah ya ba shi ɗa guda bayan ya fid da rai, ya sa masa suna Jiya. Ya binne cibiyar yaron a bayan ɗakinsa kamar yadda mutanen garin ke yi. Yaro ya fara tafiya, ya fara magana, Hausarsa tangararau, har yana gyara wa ubansa. Shekarar ƙyanda ta zo ta ɗauke shi. Uwar ta kasa zama, ta koma ƙasarsu, ta yi ta roƙon mijin ya biyo ta. Ya ce wa zai riƙa sake ƙaya saboda kuraye?"

Ndagi ya juya ya dubi Waziri ido cikin ido.

"Waziri, ran da aka binne cibiyarka ba ka san inda kanka yake ba, ungozoma ce ta zaɓa maka. Ni da hankalina na tona ramin nan, da hannun nan na sa ɗana ciki. Kuma taku cibiyar tana cikin ganuwa, a bayan ɗaki. Wanda ni na binne yana waje. Duk maƙiyin da zai zo Sansami, kan ɗana dokinsa zai fara takawa kafin ya ga ƙofarku. To, ni da kai wa zai riga wani gudu?"

Sai Sarki ya durƙusa, abin da ba a taɓa gani ba, ya yi wa yaron addu'a. Da ya miƙe ya ce, "Tsoron kakanni gaskiya ne, ba na ba da makami ga wanda zai iya naɗe tabarma. Amma ma'auninsu ya gaza. Daga yau a duba abin da mutum ya ba ƙasar nan da kansa, baƙo ne ko ɗan gari. Ndagi, riƙe mashinka, kuma kai ne shugaban 'yan dokan kasuwa. Me kake so bayan wannan?"

Ndagi ya share idonsa da bakin riga ya ce, "Igiya, ranka ya daɗe. Hannun Madugu Tanko na nan a karye, wanda ya karya shi kuwa yana gida yana shan fura."

Sarki ya dubi Waziri. Masu ruwaya sun ce Waziri Cindo da kansa ya kwance igiyar dokinsa ya miƙa.

Abin da magabata suka ɗauka daga wannan shi ne, kafin ka tambayi mai tsaronka inda aka haife shi, tambaye shi abin da ba zai iya tafiya ya bari ba. Nan mai littafin ya ɗaga alƙalaminsa, sauran sani yana wurin Allah.