Dodon da Ba Ya Hana Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku kife wayoyin nan tukuna, don tatsuniyar yau daga irin ƙasar wasan da kuke bugawa ta fito, ƙasar da jarumai ke yawo gari gari da takubba suna farautar dodanni.

A ƙasar akwai wani ƙauye, Tungar Maɗaci, kuma a ƙauyen akwai dodo. Jikinsa irin na kada, ga fukafukai, ga wuta a baki. Tun shekarun baya ya faɗo bayan gari da kibiya a fiffike, wata maginiyar tukwane, Inna Tabawa, ta zare kibiyar, ta yi ta gasa masa ciwon har ya warke. Da ya warke bai tafi ba. Aka sa masa suna Baba Garwashi.

Kun san al'adar ƙauye. Da safe wadda murhunta ya mutu sai ta ɗauki tsingaro ta je maƙwabta ɗiban wuta, kuma ba a sayar da wuta, ba a hana ta. Wannan al'ada Baba Garwashi ya riƙe fiye da masu ita. Kowace safiya mata su yi layi da tsingaro, ya hura wa wannan, ya hura wa waccan, yana tambayar lafiyar yara. Ranar gashin tukwane shi ke kunna wa Inna Tabawa.

Abu ɗaya ke tayar wa ƙauyen hankali, wato jarumai. In aka hango mai hular ƙarfe, sai Baba Garwashi ya naɗe jikinsa, a kewaye shi da zana, a ɗora masa jinka, ya zama rumbu. Baƙo ya zo ya ce, "Akwai aiki a garin nan?" A ce, "Akwai, akuyar Dije ta ɓata." Ya je ya nemo akuya, a ba shi fura, ya wuce. Akuyar nan ta ɓata ya fi sau ɗari.

To, akwai Kurege. Kurege da gyaɗa, kun san labarin.

Rannan da hantsi wani jarumi ya shigo da buhu a kafaɗa da taswirar fata a hannu. Aka ce akuyar Dije ta ɓata. Ya ce, "Ni ba akuya nake nema ba. Ga buhun gyaɗa, na wanda ya nuna mini dodo ne."

Kurege ya dubi buhu, ya haɗiye yawu. Ya dubi rumbu, ya dubi buhu. Ya ce a ransa, gyaɗa tawa, Baba kuma lafiyarsa ƙalau.

Ya yi tsalle ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga hayaƙin can bayan tsauni? Numfashinsa ke nan. Jiya ya cinye kakata."

Hayaƙin kuwa na masu ƙona gawayi ne. Jarumi ya sauke buhu, ya nufi tsauni.

Kurege ya ja buhu, ya ja, ya ja, har bayan rumbu. Ya ɓare ɗaya, ya tauna, ya yatsine fuska. Ɗanya ce. Ya ɓare wata, ɗanya ce. Ya ce, "Ni da na yi wannan wahala, in ci ɗanya kamar ɓera?"

Ya ƙwanƙwasa zana. "Salamu alaikum, Baba. Wuta na zo ɗiba."

Murya ta fito ƙasa ƙasa. "Kurege, ba yanzu ba. Baƙon bai yi nisa ba."

"Ya yi nisa, Baba, ni na kore shi da kaina."

"Ka je wajen Tabawa."

"Murhunta ya mutu." Ƙarya yake yi. Ya ƙara matsowa ya ce, "Ashe yau za a ce a Tungar Maɗaci an hana wuta? Kuma a gidanka, Baba?"

Can dodo ya ce, "Miƙo tsingaronka ta ƙasa. 'Yar kaɗan."

Kurege ba shi da tsingaro. Buhun ya tura gaba ɗaya.

Dodo ya hura 'yar kaɗan. Buhu ya kama, zana ta kama, jinka ta kama, wutsiyar Kurege ta kama. Kurege ya zuba a guje yana ihu, "Ruwa! Ruwa! A fara da gyaɗar!"

Kafin a kashe wutar, rumbu ya zama toka, ga Baba Garwashi zaune a fili, kunya ta rufe shi. Ga jarumi ya hango wutar ya dawo, ya damƙi Kurege ta ƙonanniyar wutsiya.

"Kai ne mai kakar da aka cinye?"

"Ranka ya daɗe, sake ni in ɗauko maka zinariyar dodon, tana cikin ramin can. Kai ba za ka iya shiga ba."

Jarumi ya saki. Kurege ya faɗa rami, bai ko waiwaya ba.

Jarumi ya zare takobi. Inna Tabawa ta zo ta tsaya gaban dodo, hannunta duk yumɓu. Dije ta zo da tsingaronta ta tsaya. Sauran mata suka zo, layin nan na kowace safiya, amma yau bayansu suka ba dodo.

Inna Tabawa ta ce, "Ɗan nan, furar da ire-irenku ke sha a garin nan, da wutarsa ake dafa ta. Sare ni tukuna."

Jarumi ya dube su, ya mayar da takobi kube. Ya ce, "Inna, ni na fasa. Amma duba." Ya buɗe taswira. Ga jan tabo ya fito a kan Tungar Maɗaci. "Abin da ɗayanmu ya gani, duka sun gani a taswirarsu. Kafin jibi za su zo, ɗari ko fiye, da dawakai. Ba duka ke jin magana ba."

Baba Garwashi ya dubi gonaki, dawa ta fara fitar da kai. Ya ce, "In sun zo sun tarar babu ni, gonakin za su tsira."

"Mu sake yin zana," in ji Inna Tabawa. "Mu yi babba."

"Tabawa, an riga an gani."

Ta ce, "Fiffiken naka bai taɓa yin nisa ba tun da na ɗaure shi."

Ya ce, "Ɗaurinki ne, zai kai ni."

Sai ya ce ta kawo tukunyar da ta fi ƙauna. Ta kawo, ta zuba itacen ƙirya. Ya hura a hankali, ya daɗe yana hurawa, har garwashi ya yi jawur. Ya ce, "Kowa ya zo, ki ba shi. Har Kurege."

Ya buɗe fukafukai, ya tashi a karkace, ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar shirwa, har ya ɓace.

Jarumai suka zo, suka tarar babu dodo. Aka ce akuyar Dije ta ɓata, amma ranar ba wanda ya yi dariya a ɓoye.

Inna Tabawa ta riƙe wutar nan, ta rufe ta da toka, ta tone ta da safe. Mata su zo da tsingaro, ta ba su. Bayan kwana bakwai ta ji sallama ƙasa ƙasa a bakin ƙofa. Kurege ne, da tsingaro wannan karon, ya kasa ɗaga kai. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta zuba masa garwashi biyu.

Shi ya sa har gobe wutsiyar kurege ke da launin toka. Shi ya sa kuma za ku gan shi a bakin rami ya miƙe kan ƙafa biyu, hannu a ƙirji, yana duban sama. Da ya ji motsi sai ya faɗa rami, don kada a tambaye shi wa yake jira.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda ya samu gyaɗa ɗanya, don Allah ya ci abarsa ɗanya.