Fangalin da Ke Ƙarshen Lambu

Kujerar ɗana Habila a cocin nan ba kowa a kanta, mako shida ke nan. Aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni. Ya taɓa gaya mini cewa a cikinta ayyuka da yawa kan yi layi gaban ma'aikaci ɗaya, kuma wanda aka sa a ƙasa yana iya dawwama yana jira in ba a ɗaga shi ba. To, ku saurara.

Akwai wani mutum mai lambu, rijiyarsa ɗaya, mai ban-ruwansa ɗaya, wani tsoho. Ya kafa wa tsohon doka: tumatir farko, sai albasa, sai barkono. Fangalin iri na ƙarshen lambu kuwa, inda ake renon tsiron da za a dasa, sai in an sami sarari. Sarari bai taɓa samuwa ba. Kafin a gama da barkono, tumatir ya sake jin ƙishi, sai a koma farko. Kwana biyar tsiron yana sunkuyar da kai, tsoho yana gani.

Rana ta shida ya ɗauki fartanya, ya toshe hanyar ruwan tumatir, ya buɗe ta iri. Mai lambu ya taso da faɗa, wai wa ya ba shi izini.

Tsoho ya ce, "Maigida, tumatirinka ya sha jiya, ba zai mutu yau ba. Wannan in ya bushe, me za ka dasa? Kore ni in ka so, amma sai ruwan nan ya kai."

Ya taka toshiyar da ƙafa har fangali ya cika. Aka kore shi. Da lokacin dashe ya zo, rabin irin ne ya rayu, da shi aka rufa asiri. Mai lambu ya je da kansa ya dawo da tsoho, ya sake doka: duk fangalin da ya kwana bai sha ba, a matsar da shi gaba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ruwan nan lokacinmu ne, dokar kuwa takardarmu ta ziyarar marasa lafiya. Wata uku Habila yana kwance, sunansa a ƙasa, kowane mako wani babba ya shiga gabansa. Sai ranar jana'izarsa kuka zo. An ce in yi shiru, ba zan yi ba. Yau sunan Mama Rifkatu, wadda ita ma ke kwance, shi ne a ƙasa. Ana tashi sujada gidanta za ni, ko takarda ta yarda ko ta ƙi.

Ku sunkuyar da kai tare da ni. Ya Ubangiji, ka ba mu ƙarfin halin tsohon nan, kada wani ya sake bushewa a ƙarshen layinmu. Amin.