Huluna Biyu a Reshen Tsamiya

A wani ƙauye da ke bakin tafki, akwai wani manomi mai suna Habila. Yana da maƙwabci, Irimiya, wanda tun suna yara suke tare kamar hanta da jini. Su biyu suka saƙa taru da hannunsu, dogon taru wanda mutum ɗaya ba ya iya jansa. Kowace Asabar ta rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, sukan jingine fartanya su tafi kamun kifi tare da sauran mutanen gari. Wannan ne hutunsu, ya kuwa ishe su.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Aka ba Habila shuɗiyar hula ta wata jam'iyya, aka ba Irimiya hula ruwan ɗorawa ta wata. Habila ya ɗauki abin da zafi. Da safe rediyo a kunne, da rana majalisa, da yamma gardama har muryarsa ta dushe. Ko tuwo yake ci, zancen 'yan takara yake taunawa. Hular nan kuwa ba ya cire ta sai a ƙofar majami'a, nan ma da ƙyar. Gaisuwa ta yi ta raguwa tsakaninsa da Irimiya har ta ƙare. Asabar bakwai suka wuce taru yana rataye a zaure, gizo-gizo ya yi gida a kansa.

Ran nan matarsa Afiniki ta ce masa, "Maigida, Irimiya ya aiko. Ya ce tun da kun daina shiga ruwa tare, ka kai tarun bakin tafki ran Asabar ku raba shi biyu, kowa ya kama gabansa."

Maganar ta soki zuciyar Habila, gama ya san rabin taru ko kwaɗo ba zai kama ba. Ya kuma san ba zare kaɗai za a yanke ba, abutar shekara arba'in ce. Amma girman kai rawanin tsiya. Ya ce, "To, a raba." Ya ɗauko wuƙa ya wasa.

Da Asabar ta yi, suka haɗu a gindin tsamiyar da ke bakin tafki, kowa yana kallon wani gefe. Sarkin Ruwa, dattijon da ke lura da tafkin, ya ji abin da ya kawo su, ya ce, "'Ya'yana, taru naku ne, ba zan hana ku ba. Amma kun san al'adar ruwan nan. Tarun da ya zo bakinsa ba ya komawa a bushe. Ku ja shi sau ɗaya, sa'an nan ku yanka. Hula kuma ba ta shiga ruwa, ko ta wane ne."

Ba yadda za su yi da maganar dattijo. Suka rataye hulunansu a reshe ɗaya, kowa ya kama bakin taru, suka shiga ruwa. Habila ya yi niyyar ba zai ce uffan ba. Amma ba a jan taru ana gaba da juna, dole wannan ya san inda wancan ya sa ƙafa. Suna isa tsakiya sai wata ƙatuwar tarwaɗa ta bugi tarun har ya girgiza.

Irimiya ya yi ihu, "Habila, danne ƙasa, za ta fice!"

Rabon da Habila ya ji sunansa a wannan baki, wata biyu ke nan. Ya sunkuya da sauri, santsi ya kwashe shi, ya taso da taɓo har gira, amma bai saki taru ba. Irimiya ya dube shi ya fashe da dariya, Habila ma ya kasa riƙe tasa. Suka fitar da tarwaɗar, suka koma suka ja na biyu, suka ja na uku, ba wanda ya tuna sau ɗaya aka ce.

Da rana ta karkata suka hura wuta a inuwa. Wuƙar da aka wasa domin taru, da ita aka gyara kifi. Habila yana ci da gishiri da yaji, sai ya ji kansa sakayau, zuciyarsa fari fat. Tun safe sunan ɗan takara ko ɗaya bai zo masa a rai ba, ƙasar kuwa tana nan, ba ta rushe ba.

Suka tashi da gajiya mai daɗi, kowa ya zari hula daga reshe ba tare da ya duba ba. Habila yana shiga gida Afiniki ta riƙe baki ta ce, "Maigida, yaushe ka sauya sheƙa?"

Ya cire hular ya duba, sai ga ta ruwan ɗorawa. Da ita ya ratsa gari kaf, kansa bai yi ciwo ba. Ta bayan danga ya ji matar Irimiya ita ma tana ƙyalƙyala dariya. Ya ce, "Bari in kai wa Irimiya hularsa. Ki shanya tarun da kyau, akwai Asabar mai zuwa."

Ranar zaɓe kowa ya zaɓi nasa. Asabar da ta biyo baya suka shiga ruwa tare.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Hula ita ce ra'ayinmu na siyasa. Ba laifi ba ne mutum ya sa ta, amma hula a kan kai take zama, ba ita ce kan ba. Taru shi ne zumuncin da Allah ya ba mu, wanda ba a jansa da hannu ɗaya. Tafki kuwa shi ne hutu. Ubangiji da kansa ya huta bayan aikin halitta, ya kuma keɓe mana ranar hutawa, gama ya san zuciyar da ba ta sauke kaya takan manta da fuskar maƙwabci. Saboda haka ka sami tsamiyarka. Ƙarshen mako ya zo, ka kashe rediyo, ka rataye hular, ka nemi wanda kuka daina gaisawa ku ci abinci a kwano ɗaya. Zaɓe zai wuce, masu mulki za su hau su sauka, amma mutumin da ke bayan dangarka yana nan, shi ne kuma mai riƙe ɗaya bakin tarunka.