Buhun da Musyu Théodore ya raina

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a unguwar Djamboutou ta Garwa, ana ce masa Musyu Théodore. Irin mutanen nan ne da ko sannu ka ce musu sai sun duba agogo kafin su amsa.

Shekara shida yana neman kujerar shugaban sashe. Ana nan sai direktansa ya samo ɗan kwikwiyo daga Yawunde, fari, gashi luf-luf kamar auduga. Ya ce Théodore ya riƙe masa na mako biyu, zai je Maruwa ya dawo. Théodore ya ji kujera ta matso.

To, gidansa da tsofaffin karnuka biyu, Bar-su da Sai-haƙuri. Shekara tara suna gadi, ko bokiti bai taɓa ɓata ba.

Ranar da ya kawo kwikwiyon gida, maƙwabcinsa Baba Hamadu, tsohon mafarauci, ya leƙo ta ƙofa.

"Musyu, kada ka sake shi haka nan. Ɗauko buhun da manyan suke kwanciya a kai, ka goga masa a jiki ya ɗauki warin gida. In za a ba da abinci, a fara da manya. Kwana uku sun karɓe shi."

Théodore ya gyara tabarau, ya ja murya ta hanci, kamar mai karanta labarai a rediyo.

"Baba, wannan ba karen daji ba ne. Yana da takardu. Da jirgin ƙasa ya zo har Ngawundere. Kai ka taɓa shiga jirgin ƙasa?"

"Ban taɓa ba. Amma kare ba ya karatun takarda."

"Mersi, mersi. Ja mini ƙofa."

Sai ya wanke kwikwiyon da sabulun matarsa, ya fesa masa turare. Ya ba shi kwanon Bar-su, ya shimfiɗa masa tawul a inuwar mangwaro inda tsofaffin suke kwanciya. Su kuwa ya ɗaure su a bayan gida, cikin ranar Garwa, wadda kun san ba ta wasa.

Mako biyu suna kallon baƙo yana cin nasu. Sai-haƙuri kuwa kullum tana ɗan tauna igiya.

Ranar Lahadi da hantsi direkta ya iso. Théodore ya sha kwat, gumi na bin wuyansa, yana ta "Musyu direkta, ga yarima, ga yarima." Aka zuba wa yarima madara a kwanon Bar-su.

A daidai nan igiya ta tsinke.

Sai-haƙuri ta zo a guje, ta shaƙi turaren da ba ta sani ba, ta kama kunnen yarima. Théodore ya haye kujera da kwat ɗinsa yana kiran sunan matarsa. Baba Hamadu ne ya shigo, ya yi fito sau ɗaya, karyar ta saki.

Direkta ya ɗaga kwikwiyon, ya dubi kunnen da ya yage. Bai ɗaga murya ba.

"Théodore, ba ka goga masa buhunsu ba?"

"Bu... buhu, Musyu direkta?"

"Ko a ƙauyenmu kowa ya san wannan. Sashen da kake nema akwai mutanen da suka shekara ashirin a ciki. Karnuka biyu ka kasa shigar da baƙo cikinsu."

Ya miƙa wa Baba Hamadu kwikwiyon ya yi jinyarsa. Kujera kuwa aka ba wata ma'aikaciyar sashen, Madam Pauline, wadda take gaida masinja kowace safiya.

Har ya yi ritaya, in Théodore ya wuce kasuwa, masu hatsi sukan ɗaga masa murya: "Musyu, akwai buhu fa, mai sauƙi."

Darasi: Wanda ka tarar a wuri ya riga ka sanin wurin, kada ka ture shi don baƙo mai ƙamshi. Kuma shawara ba ta da kwat. Ku tura wa Musyun unguwarku wannan labari, ko da yake zai ce ba da shi ake ba.