Tagar Iya Tabawa

A zamanin da, lokacin da ake gini da tubali da makuba, an yi wani sarki mai suna Jatau. Saboda son da yake wa mahaifiyarsa, Iya Tabawa, ya sa aka gina mata soro mai kaurin bango, babu taga ko ɗaya, don kada zafi ko iska su taɓa ta. Aka daɓe tsakar gidan, ba a bar ko ciyawa ba.

Wata uku da tarewa, tsohuwa ta daina cin abinci. Masu magani suka yi iyakar ƙoƙarinsu, tana ta ramewa.

Waziri Gwadabe ya je gaishe ta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Waziri, yanzu hantsi ne ko la'asar?"

Daga nan ya wuce tsohon gidanta, ya wuni. Ya ga rana ta leƙo ta tagar gabas ta kwanta a kan tabarma. Ya ga inuwar tsamiya tana hawa bango har lokacin salla, kurciyoyi suna sauka bakin randa.

Washegari ya faɗi gaban sarki. "Ranka ya daɗe, akwai magani, amma sai ka zauna a sabon soron kai kaɗai, ka fito idan la'asar ta yi."

"Waziri, tsufa ya fara taɓa ka."

"Ya daɗe da taɓa ni, ranka ya daɗe."

Aka fitar da Iya, sarki ya shiga. Ya zauna, ya miƙe, ya ƙirga azara. Can ya fito yana neman ruwan alwala, a zatonsa la'asar ta yi. Ko azahar ba ta yi ba.

Waziri ya ce, "Rabin wuni ke nan. Ita wata uku ta yi."

Sarki ya sunkuyar da kai. A ranar magina suka fasa bangon gabas suka fitar da taga, suka farfasa daɓen, aka dasa 'yar tsamiya, aka ajiye randa a gindinta.

Da rana ta sauka a kan tabarmarta, Iya ta ce a dama mata kunu. Kullum ita take ba tsamiyar ruwa da hannunta, har damina tara. Ba ta kai ga shan inuwarta ba. Sarki Jatau ne ya tsufa a ƙarƙashinta, kuma har ya rasu bai yarda an sare mata reshe ba.